'Yar Ciki a Ɗakin Sanyi: Yadda Muka Yi da Hannayen Masu Lodin Kifi a Katsina

Ɗakin sanyin da zan ba da labarinsa yana nan cikin Katsina, ta wajen Ƙofar Ƙaura. Na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, ni kuma nake riƙe da littafin lissafi da makullin sito. Kifin ƙanƙara muke sayarwa, titus da shawa da fanla, katan mai kilo 20. Kifin ba na kusa ba ne. Titus ɗin da mata ke soyawa a bakin titi da yamma, mafi yawansa daga tekun arewacin Turai ake kamo shi, jirgin ruwa ya sauke shi a Legas, tirela mai firji ta hauro da shi Arewa. Tun daga can har ya iso hannunmu ƙa'ida ɗaya ce: a riƙe shi a digiri 18 ƙasa da sifili. In ya saki ya sake daskarewa an yi asara, mai saye da ta buɗe katan za ta gane, gobe kuma ba za ka sake ganinta ba.

Ma'aikatanmu 7 ne, 6 masu lodi, ɗaya mai injin yanka. Babbansu dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, ya daɗe yana dako a Babbar Kasuwa kafin ya dawo wurinmu. Ƙaraminsu saurayi ne daga wani ƙauye ta wajen Batagarawa, bai cika wata 2 da fara aiki ba lokacin da abin ya faru.

Cikin Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Katsina ke kaiwa digiri 40 da rana, kwalta na turiri. Tirela ta iso bayan azahar. Sauke tirela aikin gudu ne, domin duk mintin da ƙofar ɗaki ta yi a buɗe sanyi ke zurarewa, injin ya ƙara nishi, in babu wuta kuma gas ɗin janareta ke biya. An ci rabin lodi sai na ji katan ya faɗi tim, kifi ya watse a ƙasa. Na leƙa, na ga saurayin nan tsaye yana kallon hannunsa. Yatsunsa sun yi fari fat kamar alli. Kafin kowa ya ce masa uffan ya ruga bayan ɗaki ya ɗora hannu a kan salansar janareta. Ya daɗe a haka, saboda ba ya jin komai. Sai da Baba ya fizgo shi. Zuwa la'asar kan yatsu 3 ya yi bororo.

Ni na kai shi asibiti. Sistar da ta duba shi ta tambaya ko yana da sikila, ko ciwon sukari, ko yana shan taba. Duk babu. Da na yi mata bayanin inda yake aiki sai ta dube ni, ba shi ba, ta ce: "Malam, hannun da sanyi ya kashe ba a kai shi wuta, ba a kuma murza shi. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa shi, digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannunka za ta iya zama a ciki ba ta ƙone ba. Wannan ƙunar da kake gani ba ta sanyi ba ce, ta salansa ce."

Da na kai wa Kawu labari, dariya ya fara yi. Ya ce: "A Katsina, cikin Afrilu, a ce mani sanyi ya kama mutum? Ba safar hannu na saya masu ba? Lalaci ne kawai, ba su son sawa."

Gaskiyarsa ta wani gefen. Ya sayi safa, irin baƙar robar nan mai kauri da ke kaiwa kusan gwiwar hannu. Kuma gaskiya ne ba sa sawa, ko su sa su tuɓe. Ni ma da haka na ɗauke su, har na sha yi masu faɗa. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in sa safar da kaina in ɗauki katan.

Tirela ta gaba na tuɓe babbar riga na shiga layi. Ban yi minti 20 ba na gane dalilinsu. Kana waje cikin rana kana karɓar katan daga bayan mota, gumi na tsiyaya, roba ba ta numfashi, duk gumin tafin hannu yana taruwa a ciki. Sai ka taka cikin ɗaki. Daga digiri 40 zuwa 18 ƙasa da sifili, tazarar digiri 58 ke nan a taku 3. Gumin nan da ke cikin safa ya zama ruwan sanyi, yatsunka na jiƙe a ciki. Da na tuɓe tawa na kifa ta, ruwa ne ya ɗiga. Ga shi safar ta yi wa yawancinsu yawa, ba ka iya kama igiyar robar da aka ɗaure katan da ita, dole ka cire in za ka tsinka ta ko ka gyara jeri. Ka cire kuma ka dafa ƙarfen kanta ko mariƙin ƙofa da jiƙaƙƙen hannu. Sannan safar ba ta da mai ita. A kwali ɗaya ake zuba su, wanda ya riga ya ɗauka, jiƙar jiya ka sa yau, ga ƙarni.

Baba na gefe yana kallona ina yarfa hannu. Ya ce: "Akawu, yanzu ka ji abin da muke ji. Gara hannu tsirara da wannan robar."

Bai yi daidai ba gaba ɗaya, amma ya fi ni kusa da gaskiya. Jikin mutum yana tsare zafinsa ne a digiri 37. Da ya ji sanyi sai ya matse jijiyoyin jinin hannu da ƙafa, ya janye jini zuwa ciki inda zuciya da huhu suke, kamar magidancin da rumbunsa ya yi ƙasa, ya fara rage abin da ke fita ƙofar gida kafin ya taɓa tuwon iyali. Yatsa kuwa siriri ne, fata da yawa, tsoka kaɗan, shi ke fara hucewa. In fatarsa ta sauko wajen digiri 15 sai zogi ya fara, kamun hannu ya lalace. In ta ƙara sauka ƙasa da 8 sai ji ya ɗauke, nan ne mutum ke sakin katan bai sani ba, ko ya yanke bai ji ba. Ruwa kuma yana janye zafi daga fata kusan ninki 25 a kan yadda iska ke yi, ƙarfe ya fi haka nesa. Shi ya sa busasshen hannu a cikin iskar sanyi kan jure fiye da jiƙaƙƙen hannu a cikin roba. Shi ya sa kuma abin ya fi tsanani a bazara, ba a hunturu ba, duk da kowa da hunturu yake haɗa ciwon sanyi. Cikin jaura mutum ba ya gumi sosai, ya zo da rigar sanyi da hula tun daga gida. A Afrilu kuwa da singileti yake shiga, jiƙe sharkaf.

Ashe kauri ba shi ne abin da muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne wani abu tsakanin fata da roba da zai ɗauke gumi, ya riƙe 'yar iska, wanda kuma za a iya canjawa in ya jiƙe. Siririyar safa ke nan da ake sawa a ƙarƙashin babba. Baba ne ya raɗa mata suna: 'yar ciki, kamar dai wadda ake sawa ƙarƙashin babbar riga. Sunan ya bi ta.

Gwajin farko mun yi shi da farar safar zaren auduga, irin ta magina, saboda ita ce a kusa kuma ita ce mai araha. Kwatan awa na farko kowa sai yabo. Daga nan ta sha gumi ta riƙe, ta manne wa fata kamar jiƙaƙƙen tsumma, aka koma gidan jiya, har wasu suka ce ta fi da muni. Halin auduga ke nan, tana shan ruwa ba ta saki. Abin da ya sa take da daɗi a jiki cikin zafi, shi ya sa ta zama abokiyar gaba a ɗakin sanyi.

Sai na tafi wurin 'yan gwanjo na kwaso safar ulu masu kauri, irin ta ƙasashen dusar ƙanƙara. Ulu yana da kirki, ko ya ɗan jiƙa yana riƙe ɗumi. Amma da aka cusa su cikin robar da muke da ita sai hannu ya matse, yatsu suka tsaya ƙiƙam ba sa lanƙwasuwa. Matsewar kuma ta ƙara tare jinin da dama jiki ke rowarsa, ta kuma danne iskar da ke cikin zaren, alhali iskar nan ita ce ainihin abin da ke tare sanyi. Kwana 2 aka yi aka watsar. Wannan kuskurena ne, na sake faɗawa ramin da Kawu ya faɗa, na zaci kauri shi ne magani.

Wadda ta yi aiki a ƙarshe ita ce wadda ban ɗauka da daraja ba: siririyar safar nan mai talewa ta zaren roba, akirilik ko foliyesta, irin wadda 'yan acaba da 'yan makaranta ke sawa da safiyar hunturu. Zarenta ba ya shan ruwa, tura shi yake yi waje, kuma ba ta da wuyar bushewa. Matsalar kawai a watan Mayu babu mai kasa ta a Katsina. Sai da na yi tattaki zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 170, na samo dozin-dozin a Ƙofar Wambai. Na biya Sabon Gari na canjo ta waje ita ma: roba mai kaushin tafi don kama katan, kowa da girman hannunsa, amma an ƙara lamba ɗaya domin 'yar ciki ta samu wurin zama.

A nan na fara lura da wani tambari da ke bayan wasu safofin, hoton ƙwayar dusar ƙanƙara da rubutun EN 511, ƙarƙashinsa lambobi 3. Ma'aunin Turai ne na safar aikin sanyi. Lambar farko, daga 0 zuwa 4, ta iskar sanyi ce. Ta biyu, ita ma 0 zuwa 4, ta taɓa abu mai sanyi ce, kuma ita ta fi shafar mai ɗaukar katan. Ta uku 0 ce ko 1, ko ruwa na ratsawa ko ba ya ratsawa. Yana da amfani mai saye ya san wannan. Sai dai lambar ta uku ruwan waje take nufi, ba ruwanta da gumin da ke fitowa daga ciki. Kuma a kasuwarmu, bugun tambari ba wuya ne da shi ba. Ni dai sai na sa hannu na murza, na duba ɗinki, sannan na yarda.

Sayen safa shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi. Tsarin da ya biyo baya shi ya ci mana lokaci.

Kowane mai lodi muka ba shi 'yar ciki ƙafa 3, aka ɗinka wa na kowa zare mai launi dabam a wuya don kada a cakuɗa. Ɗaya a hannu, ɗaya a aljihun ƙirji tana shan ɗumin jiki, ɗaya a kan igiya. Da ka ji danshi ka canja, ba sai an ce maka ba. Ranar Katsina ba ta ɓata lokaci wajen busar da siririn zare. Da damina ta kankama a Yuli da Agusta sai shanyar ta fara gardama, muka mayar da igiyar bayan ɗaki, daidai inda fankar injin sanyi ke huro iska mai zafi dare da rana. Zafin da dama a banza yake tafiya. Da yamma kowa ya wanke nasa da omo, ta waje kuma a juya cikinta a rataye. Kafin wannan, biyu daga cikinsu suna fama da ƙaiƙayi da tsagewa tsakanin yatsu, wanda zama cikin danshi ke kawowa. Man kaɗanya da dare ya taimaka wa tsagewar, amma na hana su ɗauka cewa shafa mai kafin shiga yana tare sanyi. Ba ya tarewa, sai ma ya sa katan santsi.

Akwai abin da ba don ina wurin ba da ban lura ba. Tirela ta fi isowa tsakanin azahar da la'asar. A yi alwala, a yi salla, a taso da gudu a zura hannu cikin safa da sauran lema. Muka rataye tawul kusa da butoci, aka ce kowa ya tsane hannu sosai kafin ya sa 'yar ciki. Ƙaramin abu ne, kuma shi aka fi mantawa.

Babban gyaran kuwa ba daga ni ya fito ba. Na so in tilasta wa kowa sa jaket da hula, saboda in ƙirji da kai suka ɗumama jiki kan saki jini zuwa hannu. Suka ƙi, kuma da hujjarsu: wa zai sa jaket ya fita cikin ranar Mayu ya ɗauki kilo 20? Sai Baba ya tari Kawu a ofis ya ce: "Ranka shi daɗe, mi zai hana a raba mu? Biyu su tsaya ciki da jaket su yi jeri, huɗu su tsaya waje su miƙo. A haɗu a bakin labule. Mai gumi kar ya shiga, mai sanyi kar ya fita." Haka aka yi. Na ciki sukan yi kamar rabin awa, su fito su tuɓe jaket su zauna a inuwa, na waje biyu su huta gumi ya tsane, su canja 'yar ciki, sannan su karɓe su. Labulen robar da ke bakin ƙofa, wanda da ake naɗe shi sama saboda yana tare hanya, yanzu a sake yake, ta tsakaninsa ake miƙa katan. Ɗakin ma ya rage zubar da sanyi.

Rigimar da ta rage ita ce ta kuɗi. Kawu ya ce a cire kuɗin safa daga albashinsu, tunda hannunsu ne. Na ce: "Kawu, hannun nasu ne, amma kifin naka ne." Na tuna masa cewa Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai wurin aiki samar da kayan kariya, har da safar hannu, inda ma'aikaci ke yawan mu'amala da jiƙa, sannan ga dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Doka ba ta motsa shi sosai ba, in faɗi gaskiya. Littafina ne ya motsa shi. Na buɗe masa shafin da nake rubuta katan ɗin da suka fashe, waɗanda dole a karyar da farashinsu, na ajiye kusa da rasiɗin Kano da kuɗin asibitin saurayin nan da kwanakin da ya yi ba ya aiki. Kuɗin 'yar cikin mutum 6 gaba ɗaya bai kai na katan ɗaya na titus ba. Ya jima yana kallo, ya ce: "To, a rubuta a kuɗin shago. Amma wanda ya ɓatar shi zai saya."

Abin da na gani bayan haka, daga shafin nan dai na fashewar katan, shi ne layukan sun yi ƙaranci, kuma ba mu sake kai kowa asibiti saboda rauni a hannu ba. An daina tuɓe safa a cikin ɗaki, domin in ana son aikin yatsa ta waje kawai ake zarewa, 'yar ciki na nan, fata ba ta taɓa ƙarfe. Flas ɗin ruwan zafi da ƙaramar roba suna ofishina, a sirka a tsoma hannu. An kewaye salansar janareta da waya.

Ba kowa safa ta yi wa magani ba. Akwai ɗaya da ko da 'yar ciki sabuwa, minti kaɗan yatsunsa za su yi fari, su koma shuɗi-shuɗi, in sun ɗumama su yi ja da zogi. Ya ce haka yake yi tun yana yaro, ko alwala ya yi da asubar hunturu. A asibiti aka ce masa larura ce ta jijiyoyin yatsu masu saurin matsewa, wadda ake kira da sunan likitan Faransa Maurice Raynaud da ya bayyana ta a 1862. Muka dawo da shi layin waje dindindin. Tun daga tambayar da sista ta yi, duk wanda zai fara aiki sai na tambaye shi batun sikila, domin sanyi na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, ga shi ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Ba don a hana shi aiki ba, akwai sikeli, akwai kai kaya a Keke Napep.

Mai injin yanka shi ne har yau ban samo wa mafita mai gamsarwa ba. Yini yake yana riƙe da daskararren kifi, ya fi kowa buƙatar ɗumi, amma zarton injin in ya kama zaren safa da hannun zai ja. Na gwammace ya ji sanyi da ya rasa yatsa. Abin da muka iya shi ne katakon tura kifi don hannu ya nisanci zarto, da yanka a zango-zango, ya kashe injin ya zo ya tsoma hannu a ruwan ɗumi, ya tsane, ya sa 'yar ciki har layin masu saye ya sake taruwa. In kasuwa ta cika, musamman da azumi, ba ya tsayawa, ni ma wani lokacin sai in kau da kai.

Sai kuma hunturu, wanda ya zo da tasa matsalar da ban yi tsammani ba. Da Disamba ta shiga 'yar ciki ta fara ɓata daga igiya. Wannan ya tafi da ita don hawa babur da asuba, wancan ya ba ƙanensa ɗan makaranta. Dokar Kawu ta wanda ya ɓatar ya saya ba ta yi aiki ba, sai mutum ya yi shiru ya ci gaba da ƙafa ɗaya jiƙaƙƙiya maimakon ya zo ya faɗa. Da na gane haka na daina ƙirga. Lokacin ne ma ake kasa ta a kowace kwana da araha, sai na sayi ta shekara gaba ɗaya na kulle a durowa, na ba kowa ƙafa ɗaya kyauta ta zuwa gida.

Wata daga cikin masu suyar kifi da ke saye a wurinmu, wadda kullum da hannu tsirara take ɓamɓare kifi daga ƙanƙara a cikin baho, ta ga shanyar ta tambayi ko ta sayarwa ce. Na ba ta ƙafa ɗaya, na gaya mata sai ta ɗora roba a kai, in ba haka ba jiƙewa za ta yi nan take. Bayan kwana 2 ta dawo tare da kishiyarta.

Saurayin Batagarawa yana nan. Ƙunar ta warke, ta bar ɗan tabo a kan yatsu. Ya ce har yanzu waɗannan 3 ɗin su ke fara yi masa zogi in ya shiga ciki, don haka Baba ya tsayar da shi a bakin labule, shi ke ƙirga katan yana miƙawa.